Ɗalibin da aka zarga da satar amsa, wa zai tsaya masa?

Duk lokacin da aka gama jarrabawa a jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, sai an ji labari mai kama da na bara. Mai tsaro ya ce ya ga yaro da guntuwar takarda a hannun riga, ko da salula a kan cinya. An karɓe takardar amsarsa, an rubuta sunansa, an ce ya jira kira. Bayan makonni hukunci ya fito: sifiri, ko soke jarrabawar zangon duka, ko kora. Uban da ya sayar da gero, ko ya ci bashi a kan albashinsa don yaron ya kai wannan matsayi, sau da yawa a bakin mutane yake jin labarin, bayan alƙalami ya bushe.

Satar amsa gaskiya ce, kuma ba ƙaramar cuta ba ce. Ɗan kasuwar da ya ɗauki akanta mai difilom amma bai iya haɗa lissafi ba ya san haka. Majinyacin da ya faɗa hannun likitan da ya haye da maguɗi ya fi kowa sani. Difilom ɗin Nijar ba a gida kaɗai yake yawo ba: hukumar CAMES, wadda aka kafa a nan Yamai a 1968, ita ke duba daidaiton takardun karatu tsakanin ƙasashen Afirka masu aiki da faransanci, kuma jami'ar da ta yi suna da sayar da maki ta zubar da darajar takardar duk wanda ya fito daga cikinta, har da wanda ya kwana yana karatu da fitilar hannu. Don haka babu mai hankalin da zai ce a daina hukunci.

Amma zargi daban, laifi daban. A zauren da ɗalibai suka cika maƙil, kafaɗa na gugar kafaɗa, takarda ta faɗi ƙasa tsakanin mutum biyu, ta wa ce? Amsoshi biyu sun yi kama, wa ya kwafi wani, ko kuwa dukansu sun haddace darasin malami kalma da kalma kamar yadda shi malamin ya saba nema? Yanzu kuma ga sabuwar rigima a kan kundin ƙarshen karatu: a ce wa ɗalibi ya kwaso daga intanet, ko na'ura ce ta rubuta masa, alhali tun shigarsa jami'a babu wanda ya zaunar da shi ya nuna masa yadda ake ɗauko maganar wani a ambaci mai ita. Waɗannan tambayoyi suna da amsa, sai dai ba ta fitowa in bakin mai zargi kaɗai aka saurara.

Kuma kowa ya san yadda ake yi. Ɗan babban ma'aikaci, kafin a zauna shari'arsa, an riga an buga waya sau uku. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Wanda ya fito daga ƙauyen Tasawa ko Madawa, shi kaɗai zai shiga gaban malamai, da faransancin da tsoro ya sarƙe, bai ga abin da aka rubuta a kansa ba, bai san yana da damar neman a kira shaida ba. In an kore shi, ba aji kaɗai ya rasa ba. Burs ta tafi, ɗakin kwana ya tafi, gidan abinci ya tafi. Akwai kuma abin da ake faɗa ƙasa-ƙasa: yarinyar da ta ƙi bin son zuciyar malami, zargin maguɗi makami ne mai sauƙi a kanta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A nan ne ƙungiyar ɗalibai take da aikin da ya fi jifa da ƙona taya nauyi. USN, wadda aka kafa a 1960, ba baƙuwa ba ce a fagen neman haƙƙi. Ɗalibai 3 ne aka harbe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990, kuma jininsu yana cikin abin da ya buɗe hanyar babban taron ƙasa na 1991. Ƙungiyar da ta tsaya gaban bindiga don a ba ƴan ƙasa damar magana, abin kunya ne a ce ɗanta ya shiga zauren ladabtarwa ba mai rakiya. Ga ɗaliban tsangayar shari'a suna haddace ƙa'idar cewa ba a hukunta mutum sai an ji ta bakinsa. Me ya hana a ware wasu daga cikinsu a kowace jami'a, su karanta dokokin cikin gida tun farkon shekara, su zauna da wanda ake zargi, su nemi a ba shi kwafin takardar zargi, su taimaka masa ya rubuta bayaninsa, su raka shi ranar zama, su nuna masa inda ake ɗaukaka ƙara in hukunci ya wuce laifi?

Wannan ba baƙon abu ba ne ga tsarin da aka gada. A Faransa, dokar 13 ga Yulin 1992 ta shimfiɗa cewa mai tsaro in ya kama ɗalibi, ya ƙwace abin shaida, ya rubuta abin da ya gani, a sa hannu, amma ya bar shi ya gama jarrabawarsa. Hukunci na majalisar ladabtarwa ne, wadda ɗalibai suke da kujeru a cikinta, kuma wanda ake zargi yana iya zuwa da mai kare shi. An kwaso tsarin lisansi, masta da dokta daga can ba tare da gardama ba. Kwaso kariyar da ke tafe da shi bai fi wannan wuya ba.

Sai dai shugabannin ɗalibai su ji ɗayan ɓangaren. Kare haƙƙin mutum ba wanke shi ba ne. Wanda aka kama dumu-dumu, aikin mai rakiya shi ne ya gaya masa ya amsa laifinsa, sannan ya roƙa masa hukuncin da ya dace da girman abin, don ɗan shekarar farko da ya leƙa takardar maƙwabcinsa ba ɗaya yake da wanda ya sayi tambayoyi ya raba don kuɗi ba. Ranar da ƙungiya ta fara tare ƙofar zaure da sanduna don a saki wani saboda ɗan kwamiti ne, ranar ta zama irin wancan mai buga wayar, bambancin kawai shi da muƙami ya yi, ita da ƙarfin tuwo. Jami'ar Abdou Moumouni ta ɗanɗana wannan a 2018. Ba a kan jarrabawa rikicin ya tashi ba: cin zarafin wani malami ne ya sa ƙungiyar malamai ta SNECS ta shiga yajin aiki, aka kori shugabannin ɗalibai 5, aka yi arangama da jami'an tsaro, aka rufe harabar jami'a a watan Afrilu. Malamai sun nuna ƙarfinsu, ɗalibai sun nuna nasu, makonnin karatu suka salwanta a jami'ar da dama can shekarunta na karatu suke hawa kan juna.

Shugabannin jami'o'i ba sa buƙatar kasafi daga minista don su fara. Su liƙa dokar jarrabawa da jerin hukunce-hukunce a ƙofar kowace tsangaya. Su yanke wa'adin da ba za a wuce ba tsakanin zargi da zama, don kada yaro ya yi wata shida bai san ko shi ɗalibi ne ko korarre ba. Malamin da ya kawo ƙara ya zo a matsayin shaida, kada ya zauna cikin masu yanke hukunci. A rubuta dalilin kowane hukunci, a miƙa wa mai shi a hannu. Kuma ƙofar da ake shigar da ƙarar ɗalibi mai satar amsa, a buɗe ta ga ƙarar malami mai sayar da maki, da sharaɗin cewa ɗalibin da ya kawo ta ba a gaban wannan malamin zai sake rubuta jarrabawa ba.