Masu hawan tsauni: gara a rage wa waya shan caji da a ƙara wa jaka nauyi

Matashin da ya shirya kwana ɗaya ko biyu a tsaunukan Shere da ke gefen Jos, abu na farko da yake jefawa cikin jakar goyo shi ne fawa-bank mafi girma da ya mallaka. Ba a ga laifinsa ba, rashin wutar lantarki ne ya koya masa haka. Sai dai a gida fawa-bank a kan tebur yake zama, a kan dutse kuwa a gadon baya ake ɗauke da shi. Tsayin Shere ya haura mita 1,800, kuma duk giram ɗin da aka ɗauka daga ƙasa sai gwiwa ta biya kuɗinsa. Dabarar da ta fi ita ce a saita wayar ta rage shan caji, a ɗauki matsakaicin fawa-bank, nauyin da aka rage kuma a bar wa ruwa.

A duba lissafin. Fawa-bank mai 10,000mAh yakan yi giram 200 zuwa 250. Mai 20,000mAh ya kusa ninka haka, mai 30,000mAh kuma yakan wuce rabin kilo. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. Ke nan wanda ya bar ƙaramin ya ɗauki babban, ya sayar da kusan rabin litar ruwa ne ya sayi cajin da ƙila ba zai taɓa ba. Wayar da ta mutu takan bar mutum cikin damuwa, amma ƙishirwa a tsakiyar rana takan kwantar da shi.

Lambar da ke jikin kwalin ma ba duka take isa waya ba. Ana lissafa ta ne a kan bolt 3.7 na batiran ciki, wani kaso kuma yana salwanta wajen juya wutar zuwa ta USB. Mai 10,000mAh na gaske yakan cika waya mai batirin 5,000mAh sau ɗaya da rabi ko ƙasa da haka kaɗan. Nauyi kuma yana tona asirin jabu. Batiri nau'in 18650 mai kyau yana da giram 45 zuwa 50, kuma yana ɗaukar kimanin 3,500mAh. Kafin a tara 50,000mAh sai an haɗa wajen guda 14, wato kusan giram 700 tun ba a sa kwanso ba. Duk wanda aka rubuta wa 50,000 amma a hannu bai fi waya nauyi ba, ƙarya ce aka liƙa masa. Shi kuwa ɗan gilashin sola da ake mannawa a bayan wasu, wutar da yake samarwa ba ta taka kara ta karya ba, sai ya yi kwanaki a rana kafin ya cika.

Abin da ke shanye caji a daji ba taswira ba ce. Inda sabis ya yi rauni, waya takan ƙara ƙarfi tana laluben turken sadarwa, batiri na zuba ko da tana aljihu. A sa ta a yanayin jirgin sama, a bar GPS a kunne. GPS saƙo kawai yake karɓa daga taurarin ɗan'adam, ba ya buƙatar data ko layi. Abin da yake buƙata shi ne taswirar da aka riga aka sauke tun a gida. Manhajojin OsmAnd da Organic Maps suna aiki da bayanan OpenStreetMap, kuma suna lissafa hanyar ƙafa ba tare da intanet ba. Google Maps ma yana sauke taswira, amma idan babu intanet hanyar mota kaɗai yake bayarwa. Idan aka rage hasken fuskar wayar, aka bar ɗora bidiyo sai an sauko, caji ɗaya zai iya wuce yini. Da dare kuma a kwana da wayar a jiki, domin sanyin hunturun Filato yana rage wa batirin litiyam ƙarfi.

Akwai abu guda da bai kamata a ɗora wa waya ba: haske. Tocilan goshi ba ta kai giram 100 ba, tana barin hannu biyu a sake wajen kama dutse, kuma tana hana a ƙona cajin da za a nemi hanya da shi. A haɗa da usur na roba, wanda ba ya buƙatar caji.

Wani zai ce ai caji tsaro ne, gara ya yi yawa da ya kasa. Wannan magana tana da gurbinta. Mai nufin Chappal Waddi, tsauni mafi tsawo a Najeriya, mai mita 2,419 a gandun Gashaka-Gumti na jihar Taraba, tafiyar kwanaki ce a gabansa, kuma 20,000mAh ya dace da shi. Amma ko a can, cikakken batiri ba ya kiran kowa inda babu sabis. Aika saƙon gaggawa ta tauraron ɗan'adam da Apple ya fara da iPhone 14 a 2022 ba a kowace ƙasa yake aiki ba, na'urar Garmin inReach kuma sai da kuɗin rajista. Taswirar ma ba kowace hanyar makiyaya ce ke cikinta ba. Tsaron gaske shi ne ɗan jagora daga ƙauyen da ke gindin dutsen, tambayar halin da yankin yake ciki kafin a tashi, da shaida wa wani a gida hanyar da za a bi da lokacin dawowa.

Tafiya da kaya marasa nauyi ba harkar masu kuɗi ba ce. A Amurka, wanda jakarsa ba ta kai kilo 4.5 ba, ban da abinci da ruwa, shi ake kira mai kaya marasa nauyi sosai. A 1955 Emma Gatewood, tana da shekara 67, ta taka hanyar Appalachian mai fiye da kilomita 3,000 da ɗan buhu a kafaɗa, labulen banɗaki shi ne abin kare ruwanta. Ba sayayya ta yi ba, ragewa ta yi.

Don haka na'urar da ta fi cancanta a nema kafin tafiya ita ce ƙaramin sikelin kicin. A auna komai, a rubuta nauyinsa a waya. Bayan an dawo, a duba abin da ba a taɓa ba da kason cajin da ya rage a fawa-bank. Ban da kayan agajin gaggawa da rigar ruwa, duk abin da ya je ya dawo sau biyu ba a yi amfani da shi ba, a karo na uku a bar shi a gida.