Kumbo Ba Shi Da Birki

Ya ku iyaye, in kun ga yaro ya duƙufa a kan kwamfuta yana tuƙa kumbo, ku ɗan zauna kusa da shi tukuna kafin ku tsawata masa.

Akwai wani wasan intanet, Elite Dangerous, wanda ya fito daga Ingila a 2014. A cikinsa na'ura ce takan daidaita wa mai wasa kumbonsa, amma yana iya kashe ta, ya riƙe tuƙi da hannunsa. To, nan ake yin ta! Can sararin samaniya babu iskar da za ta rage masa gudu. Ko an kashe inji, kumbo ba ya tsayawa, sai an tura shi baya gwargwadon yadda aka tura shi gaba. Ƙa'idar da Isaac Newton ya bayyana ke nan a 1687. Mai gaggawa kuwa bangon tasha zai yi karo da shi.

Abin bai tsaya ga wasa ba. A 1969, Neil Armstrong ya ga na'ura tana kai kumbonsu cikin duwatsu a kan wata. Ya karɓi tuƙi, suka sauka lafiya, gama ya sha gwaji tun a ƙasa.

Saboda haka ku ƙayyade wa yaron lokacin wasa, sa'an nan ku tambaye shi: ran da na'ura ta ƙi, hannunka ya iya?