Maƙiyin Duniya: wasan da Ingila ta shafe, aka tsinto shi a Jos

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma da wuya a samu inda maganar ta zauna daram kamar bisa wani tsohon wasan talabijin na ƙasar Ingila. Daga 1968 har zuwa 2013, wato shekara 45 cur, masu bibiyar wasan nan da ake kira Doctor Who sun yi ta yanke hukunci bisa wani labari mai kashi 6, alhali kashi ɗaya tak ya rage a hannun gidan BBC. Hukuncin kuwa bai yi daɗi ba: wai labari ne lami, babu dodo, babu abin tsoro, sai yawan surutu cikin ɗaki. A watan Oktoba na 2013 aka ba da sanarwar an tsinto sauran kashi 5, kuma inda aka tsinto su shi ne birnin Jos na Najeriya. Da aka kalla, sai masu hukunci da dama suka lashe amansu.

Ga wanda bai san wasan ba, ga asalinshi a taƙaice. An fara nuna shi ran 23 ga Nuwamba 1963, kwana ɗaya bayan kisan shugaba Kennedy na Amurka, aka ci gaba har 1989, sa'annan aka dakata, aka sake tasowa a 2005. Tauraron wasan wani baƙo ne daga wata duniya, ba a san sunanshi ba sai laƙabin Dokta. Yana yawo cikin zamunna da duniyoyi a wani jirgi mai suna TARDIS, wanda daga waje kamar rumfar tarho ta ƴan sandan Ingila yake, daga ciki kuwa ya fi gida faɗi. Dabarar da ta ba wasan tsawon rai ita ce, in ɗan wasan da ke riƙe da matsayin ya gaji ko ya tsufa, sai a ce Dokta ya sake jiki. Da haka William Hartnell ya miƙa wa Patrick Troughton a 1966, aka yi ta miƙawa har matsayin ya kai ga mace, Jodie Whittaker, a 2017, ya kuma kai ga Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda, a 2023.

Yadda aka yi labari sukutum ya ɓace kuwa, lissafin riba da faɗuwa ne. A wancan zamani faifan bidiyo yana da tsada ƙwarai, yarjejeniya da ƙungiyar ƴan wasa ba ta barin a yi ta maimaita shiri yadda aka ga dama, ga kuma talabijin mai launi ya shigo ya karya darajar baƙi da fari. Sai BBC ta riƙa shafe faifai tana ɗaukar sabon shiri bisansu, kamar malamin lekol da allonshi, kuma ba a tsayar da wannan aiki ba sai 1978. Daga kashi 253 da aka yi tsakanin 1963 da 1969, guda 106 ne ba a san inda suke ba kafin samun na Jos. Bayan samun suka koma 97. Muryoyi kaɗai suka tsira gaba ɗaya, albarkacin wasu masu son wasan da suka riƙa kafa rakoda gaban akwatin talabijin a gidajensu.

Abin da ya ceci hotunan shi ne fatauci. BBC kan kwafe shirin bisa fim mai faɗin milimita 16 ta sayar wa gidajen talabijin na ƙetare. In wannan ƙasa ta gama nunawa sai ta tura wa ta gaba, daga ƙarshe a maido ko a halaka. Ba kowa ya cika wannan umurni ba. Wani Bature mai suna Philip Morris, wanda ya mai da farautar tsofaffin fina-finai sana'a, ya bi sawu har ya iske gwangwanayen fim jere bisa kanta a wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a Jos, kashi 9 daga cikinsu ba a san da irinsu ko'ina ba. Duk ma'aikacin da ya taɓa riƙe makullin magaza zai yi murmushi a nan, domin da mai tsaron ɗakin ya kasance mai cika oda, da babu abin da za a yi magana bisa shi yau.

Labarin da ya dawo cikakke sunanshi The Enemy of the World, wato Maƙiyin Duniya. David Whitaker ya rubuta, Barry Letts ya ba da umurni, an nuna shi daga 23 ga Disamba 1967 zuwa 27 ga Janairu 1968, kowane kashi kimanin minti 25. An aza labarin a shekarar 2018, wadda a lokacin take can gaba da shekara 50.

Kashi na 1 shi ya fara ƙaryata tsohon hukunci. Jirgin Dokta ya sauka a bakin teku a ƙasar Ostireliya, ya tuɓe da murna irin ta yaro ya faɗa ruwa, abokan tafiyarshi biyu, saurayi Jamie da budurwa Victoria, suna kallon ikon Allah. Nan da nan wasu mutane uku suka buɗe musu wuta, wata mace mai suna Astrid ta sauko da jirgi mai saukar ungulu ta kwashe su. Wanda ya saurari murya kawai ba abin da zai ji a wannan wuri sai ƙarar inji da harbi, alhali nan ne aka kashe kuɗi, nan ne kuma Troughton ya yi wasa da fuska da jiki. Dalilin harin shi ne Dokta ya yi kama, kamar an tsaga kara, da wani mutum mai suna Salamander, kuma Troughton ne ya fito a matsayin duka biyun.

Shi wannan Salamander ɗan Meziko ne, masanin kimiyya kuma ɗan siyasa. Ya ƙera tauraron ɗan Adam mai tara hasken rana ya sake shi bisa gonaki, amfanin gona ya yawaita, yunwa ta kau, har jama'a suka yi mashi laƙabi da mai kantin duniya. Bugu da ƙari, yakan faɗi inda girgizar ƙasa ko aman wutar dutse za su auku tun kafin su auku. An raba duniya shiyya-shiyya, kowace da mai kula da ita, kuma a hankali masu kulawar suna mutuwa ko a tuɓe su, yaran Salamander suna maye gurbinsu. Duk sauran labaran wannan zango na wasan dodanni ne a cikinsu, na ƙarfe da na ƙanƙara. Wannan kaɗai abin tsoron mutum ne, mai murmushi, mai riƙe da makullin rumbu. Wanda ya ga yunwar 1973 da 1974 a ƙasar nan, ya kuma ji yadda batun rabon hatsin agaji ya shiga cikin hujjojin juyin mulkin Afrilun 1974, ba ya buƙatar a fassara mashi ƙarfin mai rabon abinci.

Abin yabo a rubutun Whitaker shi ne Dokta bai yi saurin yarda ba. Wani tsohon babban jami'in tsaro da aka tuɓe, Giles Kent, yana matsa mashi lamba ya yi shigar Salamander ya sato shaida, shi kuwa yana cewa a fara nuna mashi dalili tukuna, domin maganar wanda aka kora daga aiki bisa wanda ya kore shi ba shaida ba ce. Wannan jan ƙafa yana iya gundurar mai kallo, amma a kashi na 6 za a ga amfaninshi.

Kashi na 2 da na 3 an aza labarinsu ne a shiyyar tsakiyar Turai, a ƙasar Hangari, kuma nan ne ma'aikatan gwamnati za su fi gane kansu. Mai kula da shiyyar, Denes, mutum ne mai gaskiya. Salamander ya gargaɗe shi cewa dutse zai yi aman wuta, bai yarda ba, dutse ya yi, sai aka kama shi da laifin sakaci. Mataimakinshi, Fedorin, ba mugu ba ne, rago ne kawai. Salamander ya ajiye dosiye bisa shi, ya nuna mashi, ya ce ba zai kai ta gaba ba, har ma zai ba shi kujerar maigidanshi, sharaɗi ɗaya: ya zuba wa Denes guba cikin abinci. Fedorin ya karɓi gubar, ya tsaya gaban farantin, hannu ya ƙi. Ya koma ya faɗi gaskiya, Salamander ya lallashe shi kamar uba da ɗa, ya zuba mashi abin sha, kuma gubar da ya maido ce a ciki. Babu ihu a wannan fage, babu kiɗan tsoro mai yawa, amma ya fi dodanni goma tayar da tsikar jiki.

Shi kashi na 3 ɗin shi ne wanda bai taɓa ɓacewa ba, kuma gaskiya shi ne mafi rauni in an kalle shi shi kaɗai. An tsare Denes a barandar da ke tsakanin ofisoshi, wai ta fi sauƙin gadi, alhali kowa na ganin kuɗin gina wani ɗaki ne babu. Rabin lokaci ya tafi a kicin wajen wani kuku mai suna Griffin, wanda kullum yake jiran masifa, yana kushe girkinshi da bakinshi. Dokta kuwa da ƙyar ya leƙo. To amma in an sa kashin a gurbinshi, sai a ga hutu ne tsakanin guguwa biyu, kukun ma ya zama abin so. A kicin ɗin ne kuma ake sanin Fariah, mai ɗanɗana wa Salamander abinci don gudun guba, matsayin da Carmen Munroe, baƙar mace haifaffiyar Guyana, ta riƙe da ƙwarjini. Ita ma da barazana aka kama ta. Ta ƙi jinin maigidanta, ta sace dosiyen Fedorin ta kai wa masu adawa, aka harbe ta a kashi na 4. A talabijin na Ingila na 1968 ba kasafai ake ba baƙar mace matsayi mai nauyi haka ba, kuma kashe ta da wuri asara ce ga labarin.

Kashi na 4 shi ne zuciyar al'amarin, wanda ba wanda ya gani tsawon shekarun nan. Salamander ya kulle kanshi a ɗakin ajiyar takardu na cibiyar bincikenshi ta Kanowa, ya shiga wani akwati, akwatin ya zurma ƙarƙashin ƙasa. A can akwai wasu mutane da suka yi kusan shekara 5 ba su ga rana ba. Ya gaya musu an yi yaƙin nukiliya, saman ƙasa ya gurɓace, shi kaɗai ke sayar da rai ya hau ya samo musu abinci. Su ne ke sarrafa injunan da ke haddasa girgizar ƙasa da aman wuta, suna zaton abokan gaba suke yaƙa. Ashe annabcin nashi ke nan. A sama yana mulki da hatsi, a ƙasa ma da kwalayen abinci yake mulki, sai dai a ƙasan ya haɗa da toshe duk wata kafar labari, ba wanda ke jin komai sai daga bakinshi. Troughton ya nuna gwaninta a nan fiye da ko'ina, domin mutumin da aka gani yana taƙama a sama sai ga shi ya sauko yana tangaɗi, yana nuna gajiya, har mai kallo ya kusa tausaya mashi.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma abin da ya ƙure wannan ba wani jarumi ba ne. A kashi na 5 shugaban mutanen ƙasa, Swann, yana sauke kayan abinci sai ya ga guntuwar jarida manne da kwali, mai kwanan wata na baya-bayan nan, tana ba da labarin nutsewar jirgin ruwan masu yawon shaƙatawa. Duniyar da ta ƙone wa ke yawon shaƙatawa cikinta? Ya tsare Salamander da tambaya, ya nace sai ya hau ya gani da idonshi, kuma nacin ya ci ranshi. A kashin nan ne kuma shugaban tsaro na duniya, Donald Bruce, mutum mai ɗaure fuska wanda tun farko ake ɗauka mugu ne, ya fara juyowa. Astrid ta ƙwace bindiga ta ritsa shi, Dokta ya karɓi bindigar ya mayar mashi, ya ce ya je ya bincika da kanshi. Bruce ma'aikaci ne mai bin doka da ya daɗe yana bauta wa wanda bai sani ba, kuma sauyinshi ya tafi sannu-sannu yadda hankali zai ɗauka.

Kashi na 6 ya tona cewa Kent, mai kururuwar adalci, da shi aka haƙa ramin tun farko, shi ya kai mutanen ƙasa, abin da yake so kujerar ce. Wannan ya yi kyau. Abin da bai yi kyau ba shi ne gaggawa. Kashi 5 ana jiran ranar da Dokta da Salamander za su tsaya ido da ido, da ranar ta zo sai aka gama cikin ƙiftawa: Salamander ya yi shigar Dokta ya shiga TARDIS, kama da wane ba ta wane, aka gane shi, ya tayar da jirgi ƙofa buɗe, iska ta zuƙe shi waje. Ba a nuna fitowar mutanen ƙasa zuwa hasken rana yadda ya kamata ba, alhali su ne aka fi zalunta. Akwai kuma aibin zamanin: an shafa wa Troughton abin duhunta fata, ya kuma ɗauki wani lafazi mai nauyi don ya zama ɗan Meziko, abin da yau ba za a yarda da shi ba.

Sauran kashi 4 da suka fito daga Jos na labarin da ke biye ne, The Web of Fear, inda dodanni suka mamaye hanyoyin jirgin ƙasa na ƙarƙashin birnin London. Shi bai cika ba, domin kashi na 3 bai iso Ingila ba, ko da yake Morris ya faɗa daga baya cewa ya gan shi bisa kanta tare da ƴan uwanshi kafin a kwaso su. A kashin nan ne aka fara ganin fuskar wani hafsan soja, Lethbridge-Stewart, wanda Nicholas Courtney ya riƙe, ya kuma zama ɗaya daga cikin mutanen da suka fi daɗewa a wasan. A 2021 BBC ta cike gurbin da zanen hoto mai motsi bisa tsohuwar muryar da wani mai rakoda ya ɗauka a gida.