Takwando ya koya mini riƙe hannu

Ya ku 'yan uwa mazauna Kurmi, musamman mutanen Sabo ta Ibadan. Yau ina so in taɓo wata magana da na san wasu iyayenmu ba za su ji daɗinta ba, amma ina roƙo a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci. Maganar ita ce: ya kamata a riƙa barin samarinmu suna koyon wasannin kare kai irin su takwando da judo da karate, domin a ganina babu mai bukatar su kamar ɗan baƙo da ke zaune a garin wasu.

Ba zan ɓoye muku ba, ni da muguwar niyya na shiga. Wata rana ne muka yi sa-in-sa da wani direban tasi a Mokola a kan canji, ya ci kwalata a gaban mutane, na koma gida zuciyata tana tafasa. Washegari na nemi wani ɗaki da na sha ganin yara da fararen kaya suna shiga, na ce wa mai horarwar ina so in iya duka. Mutumin Bayarabe ne, ya dube ni ya yi dariya, ya ce in zo ranar Asabar da safe.

Wata uku cur ban taɓa jikin kowa ba. Gudu ne, da tsalle, da miƙe ƙafa har sai hawaye ya zo, da ƙirga lissafi da yaren Koriya, hana, dul, set, net, tun da can wasan ya fito. Ga ni gandamemen saurayi da farar ɗamara a sahun baya, yara 'yan shekara goma suna gabana suna ɗaga ƙafa ta wuce kansu, tawa ko ƙugu ba ta kaiwa. Da na samu ɗamara mai ruwan ɗorawa sai na ji kamar an ba ni sarauta, alhali akwai koriya da shuɗiya da ja kafin a kai ga baƙa.

Bayan shekara guda aka sa ni a wata ƙaramar gasa ta sababbin shiga, a ajin masu nauyin da bai wuce kilo 68 ba. Ga wanda bai sani ba, turmi uku ake yi, kowanne minti biyu, ana sa rigar kariya a ƙirji da hula a kai. Shuri a ƙirji yana da maki, shuri a kai ya fi shi maki, naushi kuwa a ƙirji kaɗai aka yarda da shi. Wanda ya kai naushi a fuska an ci shi tara, makin ya tafi wurin abokin karawarsa.

Yaron da aka haɗa mu na girme shi nesa ba kusa ba. Ba a yi rabin minti ba ya ɗora mini ƙafa a kunne, mutane suka sa ihu. Nan take duk abin da aka koya mini ya gudu, ɗan Sabon nan na da ya dawo, na dunƙule hannu na kai masa a fuska. Aka ci ni tara. Alƙali ya ce a rabu, ban ji ba, na ƙara kai masa, aka sake cin tarata. Haka aka cinye ni turmi biyu a jere, wasa ya ƙare. Abin da ya fi kayen ciwo shi ne yaron ya taho da leɓe a kumbure ya miƙo mini hannu yana murmushi. A hanyar komawa mai horar da mu ya ce da ni ba yaron ne ya kayar da ni ba, zuciyata ce, kuma in ban iya da ita ba in daina ɓata kuɗin mota.

To jama'a, a nan ne maganata take. Mu da muke zaune a Kudu mun san yadda ƙaramar rigima take zama babba. Sabo tun 1916 take, kakanninmu sun yi fataucin goro da shanu a nan, amma har gobe idan ɗanmu ya mari wani ba a cewa wane ya mari wane, sai a ce Bahaushe ya mari Bayarabe. Iyayenmu suna ba mu labarin Shagamu a 1999 da Idi-Araba a 2002. Na kasuwar Shasha kuwa a watan Fabrairun 2021 ba labari aka ba mu ba, daga cacar baki tsakanin ɗan dako da mai shago aka rasa rayuka, aka ƙona shaguna da gidaje, mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba suka yi asarar jarinsu. Saboda haka saurayin da ba ya iya riƙe hannunsa na minti ɗaya ba kansa kaɗai yake jefawa cikin hatsari ba, har da tsoho mai tireda da uwa mai goyo.

Nasiha ana yi mana ita kullum a masallaci, kuma tana da amfani. Sai dai haƙuri ma yana son atisaye. A wurin horo ne kaɗai na ga inda za a buge ka a gaban jama'a sau uku a mako, a ce kuma ka tsaya cak da zarar alƙali ya ɗaga hannu. Kwanan baya a Bodija wani ya bangaje ni ina ɗauke da buhun wake, ya kuma bi ni da zagi. Na ji zafin nan ya taso, na gane shi, na ajiye buhun na ce ya yi haƙuri. Da a bara ne da labari ya sha bamban.

Na san abin da za a ce. Mahaifina da kansa ya ce wannan koyon daba ne. Na ce masa, Baba, ɗan daba ba ya tashi da asuba ya yi gudu, ba ya kuma yarda wani ya ce masa tsaya. Ai mu ma muna da dambe da kokawa, har yau ana sauraron waƙar Ɗan Anace ta Shago, ba wanda ya ce gadonmu daba ne. Wasu kuma suna kawo batun rusunawar da ake yi kafin wasa, kuma wannan magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Ni dai na yi wa mai horar da mu bayani cewa ruku'u na Allah ne, ya yarda in riƙa ɗora hannu a ƙirji a wurin horo. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa. Batun lokacin kasuwa kuwa, awa biyu ne, kuma mun san awa nawa muke kashewa a gidan kallon ƙwallo.

Akwai kuma wata riba. Tun da aka haife ni a garin nan, hulɗata da 'yan gari ba ta wuce ciniki ba. Yanzu ina da abokai Yarabawa da Ibo da muke shan ruwa a gora ɗaya, sun zo sunan ƙanena, na je gaida mahaifiyar ɗayansu a asibiti. Kuma wasan yana da gaba, domin Chika Chukwumerije ya ciyo wa Nijeriya lambar tagulla a takwando a gasar Olamfik ta birnin Beijin a 2008. Me zai hana wata rana a ji sunan ɗan Sabo?

Kirana ga shugabanninmu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa shi ne a samar wa matasa ɗaki ɗaya da katifun horo da mai koyarwa mai mutunci, dattawa su riƙa leƙawa suna ganin abin da ake yi. Ni kuwa akwai wata gasar nan gaba in Allah Ya kai mu. Ban yi muku alkawarin nasara ba, amma na yi alkawarin ba za a ci tarata ba.

Wanda yake da saɓanin ra'ayi ƙofa a buɗe take. Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.