Haba 'yan boko, a bar wa Namangi waƙarsa!

Ran nan na shiga wani shagon buga takardu a Kongo, sai na iske wasu ɗalibai biyu, mace da namiji, sun haɗa kai a kan waya. Aiki aka ba su a kan Imfiraji. Saurayin ya kwashi baitoci ya zuba wa manhajar nan mai ƙirƙirarriyar basira, ya ce ta mayar masa da su Turanci mai sauƙi. Kafin mai shago ya miƙo mani canjina har ta gama. Layi uku kacal: wai duniya ba matabbata ba ce, mutuwa na tafe, a ji tsoron Allah. Budurwar ta taɓe baki ta ce, "Au, dama abin da tsohon yake faɗa kenan? Shi ne ya ja shi har waƙa tara?"

Jama'a, a Zariya fa aka yi wannan! Garin Alhaji Aliyu Namangi, makahon da aka haifa a 1894, ya rasu a 1990, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa na dakta saboda waɗannan baitocin. A garin nan kamfanin NNPC ya buga su. A lungunan garin nan makafi suka yi shekaru suna rera su ƙofa-ƙofa, matan aure na tsayar da daka don su saurara. Yau jikokin matan ne ke neman tafinta tsakaninsu da Namangi, kuma tafintan Bature.

Yarinyar ba ta yi ƙarya ba. In dai saƙo ake nema, to layi ukun ne, kuma ko limamin unguwarmu ya fi haka faɗa bayan Asuba. Amma wa ya ce saƙon ne waƙar? Namangi bai zo da labarin da ba a sani ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki karin caji, kiɗan 'yan duniya, ya ɗora masa wa'azi da begen Manzo, yadda wanda ya zo jin daɗi zai koma gida jikinsa a sanyaye. Karin nan, da amsa-amon da ke dawowa a ƙarshen kowane baiti kamar ana ƙwanƙwasa maka ƙofa, su ne suka sa wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba ya haddace ta. Ka cire su, ka tace fura ka zubar da gari, ka miƙa wa yaro ruwan ka ce ya sha fura.

Ku 'yan kallo kun san ciwon nan. Sau nawa tsohuwa a fim za ta yi wa kishiyar 'yarta habaicin da zai sa ɗaki ya kaure da shewa, ka duba ƙasan allo ka ga an rubuta da Turanci wai "ba na son ki"? To abin da ake yi wa waƙoƙinmu kenan. Ɗauki Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, mai Tabarƙoƙo da Waƙar Diga, wanda Turawa suka tuɓe a 1920 suka kai Lakwaja. Mutumin da ke magana a ƙarƙashin idon Razdan, zaurance da gugar zana ne garkuwarsa. Kalma guda na iya fuskantar mutum uku. Mai sauƙaƙawa dole ya zaɓi ma'ana ɗaya ya yar da biyu, kuma ba zai gaya maka ya yar ba.

Na san za a ce mani fassara ba yau aka fara ba. Haka ne. Nana Asma'u ta mayar da waƙoƙin mahaifinta daga Fulatanci zuwa Hausa, amma waƙa ta mayar waƙa, da karinta da amsa-amonta. Malamin zaure in zai fassara Ishiriniya, sai an ja baitin an rera shi tukuna, sannan ya warware, sannan a sake ja. Ko Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir da ya kai Sa'adu Zungur Turanci a 1974, ai Hausar na nan a littafin, ba a kore ta ba. Mervyn Hiskett kuwa, a littafinsa na 1975 kan tarihin waƙoƙin addini na Hausa, Turawa 'yan'uwansa yake wa bayani, yana da uzuri. To ɗan Tudun Wada, wanda ya sha Hausa a nono, mene ne nasa uzurin?

Laifin ma ba na yaran ba ne su kaɗai. Malamin da tambayarsa kullum ita ce "kawo jigon waƙar", ai shi ya koya masu cewa jigo ne kaɗai abin nema. Ban da haka, mu marubuta nawa ne cikinmu za su iya rera baiti biyar na Imfiraji da ka, alhali waƙar fim ɗin da ta fito jiya tana bakinmu? Ni dai ra'ayina, kada a ba ɗalibi maki ko ɗaya a kan rubutacciyar waƙa sai ya tashi tsaye ya rera ta a gaban aji. In kalma ta shige masa duhu, a fassara masa kalmar, da Hausa, a mayar da shi cikin baitin.

Da zan fita shagon na kasa haƙuri, na ce wa saurayin, "Samari, ka taɓa jin an rera ta kuwa?" Ya ɗago kai ya ce, "Baba, dama rerawa ake yi?"