MAI A ABINCIN BUROILA: NI DAI NA DAINA ZUBAWA DA KA

Yau kan mai nake so mu tattauna, saboda na ga ana ta yaɗa cewa da zarar ka zuba manja a abincin buroila shi ke nan, kaza za ta kumbura. Ni ma na taɓa yarda da hakan, kuma sai da na ji a aljihuna.

Wata bazara na zuba kaji ɗari biyu. Da suka kai sati huɗu na shiga kwarara musu manja a finisha, babu awo babu lissafi, na kuma rage waken soya saboda tsada. A sikeli ba laifi. Amma da mai gashin kajin da ke saye a hannuna ya yanka, sai ya kira ni ya ce: "Alhaji, kitse ka sayar min ko kaza?" Cikinsu duk teɓa, ƙirji ba tsoka, in an ɗora a wuta sai su tsiyaye su motse. Ya rage min kuɗi, zagaye na gaba kuma bai waiwaye ni ba.

Kar wani ya ce na hana mai. Mai yana da amfani sosai. Ƙarfin da yake bai wa kaza ya ninka na masara fiye da sau biyu in an auna nauyi ɗaya. Yana kwantar da ƙurar abinci, kaji su fi ci, kuma sai da shi jiki ke ɗaukar bitamin A, D, E da K. A watan Maris zuwa Mayu, lokacin da kaji ke haki suna ƙin abinci, ɗan mai yana taimako, domin narkar da shi ba ya ɗumama jiki kamar narkar da hatsi.

Amma fa mai ba ya gina tsoka. Abin da ke gina ƙirji da cinya shi ne furotin, wato waken soya, ƙuli-ƙuli da garin kifi, tare da laisin da metiyonin. In ƙarfi ya yi yawa furotin ya yi kaɗan, kaza ba ta da yadda za ta yi da rarar sai ta tara ta kitse a ciki. Abin da ya same ni ke nan.

Sannan ba kowane mai ne ɗaya ba. Man waken soya da man gyaɗa sun fi saurin narkewa a cikin kaza, musamman 'yan tsaki, domin a satin farko hanjinsu bai iya sarrafa mai mai daskarewa irin manja ko kitsen shanu ba. Manja kuma ya fi dacewa da manyan kaji, yana sa kitsen ya fi tauri. Man kifi in ya yi yawa naman zai yi ƙarni, a cire shi tun kafin lokacin yanka. Irin man da kaza ta ci, irin kitsen da za ka tarar a jikinta ke nan.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne masu sayen ragowar man suya, wanda aka soya ƙosai ko kifi da shi har ya yi baƙi, wai don arha. Wallahi wannan arhar tsada ce. Man da ya ƙone ko ya daɗe har warinsa ya canza yana lalata bitamin E da A da ka saya da kuɗinka, girma ya tsaya, naman kuma ya yi saurin lalacewa. In ba za ka iya miya da shi a gidanka ba, kar ka ba kajinka.

Ga yadda nake yi yanzu. A kilo 100 na abinci, kilo 1 zuwa 2 na mai a sitata, kilo 3 zuwa 4 a finisha, kuma ban taɓa wake. Da sikeli nake aunawa, domin lita ɗaya ta mai ba ta cika kilo ba. Nakan fara murza man da dusa kaɗan, sannan in gauraya da sauran, don kar ya dunƙule wuri ɗaya. Ba na haɗa abin da zai wuce sati guda, zafi na ɓata shi. In da gasasshen waken soya wanda ba a tatse ba kake aiki, akwai mai kusan kashi 18 cikin 100 a jikinsa, sai ka rage na ƙari. In kuma abincin kamfani ne na buhu, an riga an daidaita shi, ka bar shi yadda yake.

Na san wani zai ce ai a raye yake sayarwa, sikeli kawai ake dubawa. Gaskiya ne, sau ɗaya za ka ci riba. Amma wanda ya fige ya buɗe ciki shi zai yanke ko zai dawo. Kafin ka fitar da kaji kasuwa, yanka guda ɗaya a gida ka duba da idonka.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya kare mu daga asara.