Yayyenmu da suka gama, ku daina ba mu kuɗin dina

'Yan uwa ɗaliban Lafiya, yau sai na faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, ko da shugabannin ƙungiyoyinmu za su ji haushina.

Duk ƙarshen shekara sai mu buga takarda mu bi tsofaffin ɗalibai, wani a Abuja wani a Keffi, su haɗa mana kuɗi. Allah ya saka musu. Amma ina kuɗin ke tafiya? Hayar wuri, riguna masu tambari, da lambar yabo da za mu miƙa wa wanda ya ba da kuɗin. Wato da kuɗinsa muka sayo masa kyauta! Bara, makon da ƙungiyarmu ta yi dina, wata ƙanwarmu ta tattara kayanta ta koma gida, an rufe rajista ba ta biya ba. Wallahi ni ma na ci shinkafar, ban cire kaina ba.

Wani zai ce ai akwai NELFUND tun 2024. Akwai, amma bashi ne, kuma ba ranar da ka nema yake fitowa ba.

A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Lafiya, ke nan 'yan farkonta da dama sun kama aiki. Haka na kwalejin Isa Mustapha Agwai. Don Allah yayyenmu, kada ku ƙara tura ko sisi asusun shugaban ƙungiya. Ku ce mu kawo lambar Remita ta waɗanda suka maƙale, ku biya makaranta kai tsaye, ba sai an tona asirin kowa a guruf ba. Dina kuwa, mai son ci ya yi karo-karo.